Ƙaramar Tagar Mati Majigi

Wanda ya yi wayo a Birnin Konni kafin wayar hannu ta cika gari ya san Mati Majigi, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, kullum da wata jar hula da rana ta ci har ta koma ruwan ƙasa. Rumfarsa tana kusa da tashar motocin Tawa, inda yake gyaran rediyo da tocila. Yau wurin shagon cajin waya ne, kuma saurayin da ke ciki bai taɓa jin sunan Mati ba. Abin da ciwo, domin an yi lokacin da ƙauye guda ke barin tuwo ya huce in aka ce motar Mati ta iso.

Haifaffen Tsarnawa ne, ɗan manoman gero. Ya taɓa lakwal kaɗan, ya ga bulalar ta fi karatun yawa, ya gudu Konni ya zama yaron mota. Daga nan ya samu tuƙi a ma'aikatar aikin gona, yana kai malaman gona ƙauyuka. A bayan motar akwai wata na'ura mai fitila da ake saka mata 'yan hotuna ƙanana, kowanne bai wuce akwatin ashana ba, ta jefa su jikin farin ƙyalle su zama manya. Malamin da aka ɗora wa aikin ba ya son sauro, ba ya son hayaƙin injin wuta, sai ya sakar wa direbansa komai ya koma cikin mota. Da haka Mati ya zama Mati Majigi.

Ya iya abin, ba a musu. Da an sallame magariba zai kafa sanduna biyu, ya ɗaure ƙyallen akoko, ya ja igiyar inji, sannan ya buɗe baki. Hoton tsutsar gero ne kawai a jikin ƙyalle, amma sai Mati ya ba ta suna da dangi da mugun hali, har tsofaffi su riƙa tsine mata. Daga baya aka ba shi na'urar ɗaukar hoto, ya shiga ɗaukar mutanen ƙauyukan da kansu, masu haƙar rijiya, masu dashen albasa, mata a bakin turmi. In ya dawo bayan wata biyu ya haska su, sai fili ya kaure da ihu, kowa yana nuna maƙwabcinsa.

Aƙidarsa ɗaya ce, kuma bai ɓoye ta ba. Hoto in bai kai tsawon mutum ba, wasan yara ne. Yakan ja majigin baya, ya ƙara ja, har kan mutum ya fita daga ƙyalle ya hau bangon rumbu. Abokan wasansa suna cewa gajartarsa ce yake ramawa. Shi kuwa yana cewa talaka ya sha zama ƙarami a gaban kowa, a bar shi ya yi girma ko na dare ɗaya ne.

Sai zamani ya juya. Motar ma'aikata ta kwanta, ba a tashe ta ba. Fitilar majigi ta ƙone, Mati ya neme ta har Sakkwato bai samu irinta ba. Ya kwashe hotunansa ya zuba a gwangwanin biskit, ya buɗe rumfar gyaran rediyo. Wani lokaci in hira ta yi daɗi yakan zaro ɗaya ya ɗaga wa rana, ya runtse ido ɗaya, ya ce wa na kusa da shi ya leƙa. Mutum ya leƙa ya ga wani ɗigo mai kama da ƙuda, a ce masa wai maigarin wuri kaza ne. Mati yakan karɓe abinsa da fushi ya mayar cikin gwangwani.

A shekarar 2007 wani proje mai aikin raya ƙasa ya buɗe buro, wato ofis, a Konni. Suna so su nuna wa ƙauyuka yadda gonakinsu suke shekaru ashirin baya, lokacin da fari ya share itatuwa, don a gwada da yanzu. Wadda ta gaya musu akwai wani tsoho mai gwangwanin hotuna ita ce sakatariyarsu, Naja'atu, 'yar Mati ta fari. Ta girma a Malbaza wurin yayarsa, kamar yadda ake yi da 'ya'yan fari, kuma Mati bai taɓa kiran sunanta ba. Sakatariya yake ce mata tun kafin ta zama sakatariyar. In suna magana, ita tana duban ƙasa, shi yana duban bango, kuma a haka suke fahimtar juna sarai.

Aka kai hotunan Yamai, aka dawo da su cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, tare da sabon majigi ɗan ƙarami da ba ya zafi, ba ya ƙara. Aka ce Naja'atu za ta riƙa danna hotuna, Mati ya riƙa bayani, tunda shi ya san kowane fili da kowace fuska. Ranar da ta zaunar da shi a buro don ya ga yadda abin yake, ta nuna masa cewa hotunan suna iya cika fuskar kwamfutar gaba ɗaya, suna kuma iya zama cikin 'yar taga. Ta ɗora hannu kan linzamin kwamfutar, ta kama kusurwar tagar, ta ja ciki, hoto ya tsuke. Ta ja waje, ya buɗe.

"Baba, ka gani, in kana so shi zan ƙarami sai ka riƙe nan ka jawo. In ka sake yatsa, nan za shi tsayawa."

Mati ya dubi bango ya yi tsaki. "Mi za ni yi da ƙarami? Shekara nawa ina ɗaga ƙarami ga rana awa mai duban ƙwai? Wanga na ma'aikatan buro na, masu ɓoye karta in patoro, ubangidansu, ya shigo."

Ta matsa masa ya gwada ko sau ɗaya. Ya gwada don ta ƙyale shi, hannunsa mai kaushi ya ja tagar ta yi tsalle ta koma gefe. Naja'atu ta danne dariya, shi kuma ya tashi yana cewa a kawo masa bango.

Bangon kuwa ya samu. Bayan girbi suka fita, Tsarnawa, Malbaza, Dogarawa da ƙauyukan da ke kewaye. Mati ya koma saurayi. Ya sa aka wanke jar hular, muryarsa ta dawo. Masu proje suna so a dubi ƙasa, yadda take fayau ba itace, amma wa ya damu da ƙasa? Mutane fuskoki suke nema. Wani dattijo ya ga kansa da baƙin gemu ya rantse ba shi ba ne. Wata mata ta ga turmin uwarta ta gane shi da tsagar da ke gefe. Wani magidanci ya ga mahaifinsa da ya rasu yana dariya a kan jaki, ya tashi tsaye bai san ya tashi ba, sai da na baya suka ja rigarsa. Mati yana tsaye gefen haske yana jin duniya ta dawo daidai.

Da haka suka iso Gidan Takama, wani ƙauyen masu albasa a gabas da Dogarawa. Da la'asar suna zaune a zauren maigari, Mati ya sa aka buɗe hotunan garin don ya tuna sunaye. Aka zo kan wani saurayi dogo a bakin rijiyar lambu, guga a hannu, rigarsa a ɗaure a ƙugu, yana duban mai ɗaukar hoto kai tsaye yana murmushi. Maigari ya ce Labo ne. Ya ce bayan wannan hoton da kaɗan ya tafi cirani Abijan, ciwo ya kama shi can, can aka rufe shi. Labari kawai ya dawo, da 'yar jakarsa. Mahaifiyarsa Tsahara tana nan da rai, kuma duk duniya ba wani hoton Labo sai wannan.

Zuciyar Mati ta cika. Nan take ya ƙudurta zai yi wa tsohuwar nan kyautar da ba a taɓa yi wa kowa ba. Bai tambayi komai ba, maigari ma bai ƙara komai ba. Maza biyu masu furfura, kuma ba wanda ya tuna ya yi tambaya ɗaya.

Bayan magariba fili ya cika. Mati ya sa aka ja majigi baya har hoto ya mamaye bangon makaranta. Da aka zo kan rijiya ya ɗaga wa Naja'atu hannu ta tsaya. Labo ya fito, ya fi ƙofa tsawo, haƙoransa farare. Mata suka fara salati. Mati ya kai amsa-kuwwa bakinsa ya ce da dukkan ƙarfinsa, "Ina Inna Tsahara? Ina uwar Labo? Ga ɗanki ya zaka gaishe ki!"

Gari duka ya juya wuri ɗaya. A layin gaba na mata, wata tsohuwa siririya cikin wankakken zane mai shuɗi ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta ɗaga kai ba ko kaɗan. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta juya wa bangon baya, ta ratsa mutane ta fita. Mati ya tsaya da amsa-kuwwa a hannu, sannan ya yi wa Naja'atu alama ta wuce. Sauran bayanin daren nan shi kansa bai san abin da ya faɗa ba.

Ana naɗe waya wata mata ta zo ta tsaya a gabansa, goyo a bayanta. Ta ce sunanta Kubura, ƙanwar Labo ce. Ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Baba, ɗan hwari na. Ɗan hwarin Inna. Tun da tah haihe shi ba ta kiri sunanai ba, wurin kaka yag girma. Ran da anka kawo labarin rasuwa tai, daka takai, ba ta aje taɓarya ba. Tun da anka ce za a kawo hotunan da, ba ta barci. Ita tar riga kowa zuwa, don ta samu gaba, ta saci kallo cikin duhu ba wanda yas sani. Kai kuma ka kira ta gaban surukai da jikoki."

Sai a lokacin Mati ya gane ɓarnar da ya yi. Shi da ke da 'yar fari a tsaye kusa da shi tana naɗe waya, shi da bai taɓa duban tsakiyar idonta ba, shi ne ya yi wannan. Son girman hoto ya rufe masa ido. Naja'atu ta ce ko a wanko hoton a takarda a Konni a aiko. Kubura ta girgiza kai. Ta ce takarda hannu-hannu za ta bi a gidan, kowa ya zo yana nuna wa Inna, ita kuma ta ce a kai ɗakin wani. Motar proje kuwa da hantsi za ta wuce Illela, ba kuma za ta dawo ba.

Da gari ya waye, bayan maza sun fita lambu, Mati ya dubi bangon zaure ya ce, "Sakatariya, abin nan na rannan a buro, na kama kusurwa. Ƙara gwada min."

Ta buɗe kwamfutar. Ta gaya masa batirin ba shi da ƙarfi, kada ya ɓata lokaci. Ta buɗe hoton rijiya cikin taga, ta tsuke shi har ya koma kamar akwatin ashana a kusurwar sama. Mati ya ja, ya sake, ya ja, ya sake, har hannunsa ya saba. Ya rungumi na'urar a buɗe kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, ya nufi gidan da Kubura ta kwatanta masa.

Kubura ta riga ta kwashe yaran gidan ta tafi da su ɗiban ruwa. Mati ya yi sallama, aka amsa daga ƙarƙashin wata rumfar kara. Tsahara tana zaune kan tabarma tana ɓarar wake. Suka gaisa, ya tambayi gajiya, ta tambayi baƙunta, kamar jiya ba a yi komai ba. Bai ba ta haƙuri ba, domin haƙurin ma tone-tone ne.

"Inna, taimako niz zaka nema," in ji shi. "Akwai wata rijiya cikin hotunan nan, masu buro na son su san ko lambun wa ta. Ni idona ya mutu. An ce ke kin san rijiyoyin garin ga dut."

Tsahara ta ci gaba da ɓarar wake. Can ta ce, "Rijiya dai?"

"Rijiya kawai."

"To, aje mu gani."

Ya ajiye na'urar kan turmin da aka kifa. Ya kama kusurwar tagar, ya danne yatsa, sannan ya juya fuskar kwamfutar wajenta. Shi ya zauna a bayan na'urar, linzami a kan wani faifai, fuskarsa tana duban danga. Daga inda yake ba ya ganin hoton, ba ya ganin tsohuwar. Abin da yake gani kawai kaza ce tana tonon ƙasa.

Ƙarar wake ta tsaya.

"Malam, rijiyar ga ta yi ƙanƙanta. Ba ni ganin bakinta."

Mati ya ja hannu.

"A'a, ka ida ta. Ta ɓace."

Ya gane ya ja ta baya, ya komo a hankali. Gumi ya fara tsattsafo masa ƙarƙashin hula. Mutumin da ya shekara ashirin yana ja da majigi baya har hoto ya hau rumbu, yau ga shi yana tura hannu kamar mai zare ƙaya daga ƙafar jariri.

"Ƙara kaɗan," in ji ta.

Ya ƙara.

"Kaɗan kuma."

Ya ƙara. Yatsansa ya fara ciwo, bai sake ba. Yana tsoron batirin, yana tsoron wani ya yi sallama, yana tsoron numfashinsa ya yi ƙara. Ya ji motsin tabarma, ta matso kusa.

"Tsaya nan," ta ce. "Kak ka ƙara."

Ya saki yatsa. Daga nisan da hannunsa ya yi ya san hoton bai ko cika fuskar na'urar ba, bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba. Kazar ta gama tononta ta tafi. Daga nesa ya ji direban proje yana danna oda, ya yi kamar bai ji ba. Sai ya ji wani ɗan sauti, kamar ana shafa ƙyalle a kan gilashi, a hankali, ana maimaitawa. Bakin mayafinta ne. Mati ya san wurin da take gogewa, domin shi ya ɗauki hoton, akwai laka a goshin yaron.

Mati ya ce, "Inna, rijiyar ta hito?"

"Ta hito. Ta lambun Salisu ta, ta rushe tun bara waccan."

"To, madalla. Sai in hwaɗa musu."

Bai motsa ba, ita ma ba ta ce ya ɗauka ba. Oda ta sake tashi. Na'urar ta yi 'yar ƙara, alamar batiri ya kusa ƙarewa. Tsahara ta ja numfashi, kuma da ta yi magana muryarta ba ta rawa, sai dai ta yi ƙasa ƙwarai, kamar ba da shi take ba.

"Mutane sun sha hwaɗa min da babana yake kama. Ni ban taɓa dubawa ba." Can ta ƙara da cewa, "Ashe gaskiya sunka hwaɗi. Har wushiryar."

Mati ya ci gaba da duban danga, hawaye yana bin gemunsa, bai share ba don kada motsinsa ya sa ta ɗaga kai. Suna nan zaune har hasken na'urar ya ɗauke da kansa. Sai ya ji ƙarar wake ta dawo.

Ya rufe kwamfutar, ya yi mata sallama, ta ce ya gai da gida. A bakin mota Naja'atu tana jiransa. Ta miƙa hannu biyu ta karɓi na'urar, kanta a ƙasa kamar kullum. Mati bai dubi bango ba, ba bangon ma a wurin. Ya tsaya yana kallon fuskar 'yarsa, goshinta, hancinta, wani ɗan tabo a gefen gira da bai san da shi ba, har ta tsargu ta ɗago.

"Baba, lahiya?"

"Lahiya lau," ya ce. "Wanga tabo, yaushe kinka same shi?"

Ta taɓa wurin da yatsa. "Tun ina ƙarama, a Malbaza. Na hwaɗi kan dutsin niƙa."

Mati ya gyaɗa kai. Direba ya sake danna oda, amma sai da ya ƙara dubanta sannan ya shiga mota.